Bappa Hammajoda da Keken Dada

Ina cikin juya masar sayarwa a tanda na ji ƙarar faɗuwar. Ƙarfe ne ya daki siminti, sannan wani abu mai nauyi ya biyo baya. Na saurara ko zan ji magana daga gidan Bappa Hammajoda, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko tari aka yi a can muna ji. Shiru. Shirun ne ya tayar da ni. Na ce wa matar da ke jiran a zuba mata ta kula mini da wutar, na faɗa gidan ko sallama ban yi ba.

Dada, matar Bappa, na kwance a tsakar gida ta ɓarin da ya shanye, ɗankwalinta ya zame. Kekenta ya kife, ƙaramar tayar gaba ta gangara har bakin magudanar ruwa. Bappa ya durƙusa ya sa hannuwa a hammatarta yana son ɗaga ta, amma ko motsa ta bai iya yi ba. Wannan mutumin da na saba gani yana sungumar ta daga gado zuwa keke kamar ya ɗauki yarinya.

"Kama mini ƙafafun, Sauda," ya ce.

Muka kai ta ɗaki. Ba ta ji ciwo sosai ba, gwiwar hannu ce kawai ta ƙuje. Da na waiwayo na ga Bappa ya jingina da bango, bakinsa a buɗe yana jan numfashi, leɓɓansa sun yi fari. Na tambaye shi lafiya. Ya ɗaga mini hannu wai ba komai, ya fita ya tsinto tayar. Ƙarfen da ke riƙe da ita, mai kama da gwafa, ya rabe biyu. Ya daɗe yana jujjuya gutsattsarin a tafin hannu.

Tun da aka kawo ni unguwar Ɗan Iya ina amarya na same su a gidan nan, kuma tun ranar suka ɗauke ni kamar 'yarsu. Bappa Bafulatani ne, danginsa har gobe suna da shanu can bayan Inkil. Shi boko ya yi, ya yi aiki a ma'aikatar gona har ya yi ritaya. Abin da ya bambanta shi da sauran dattawan layinmu shi ne ɗan ɗakin langa-langa da ke bayan gidansa. A nan yake narka dalma, irin wadda ake zubin tukwane da ita, ya zuba a cikin yashi, ya fitar da duk abin da ya ga dama. Ya ce tun yana matashi idan ya shiga kasuwa ba ya iya wuce masu zubin tukwane sai ya tsaya kallo, har suka saba da shi suka riƙa nuna masa. Yayansa Babayo ya sha faɗa a kan haka, wai ina aka taɓa ganin Bafulatani da zugazugi. Bappa sai ya yi murmushi ya ci gaba da tankaɗe yashinsa. Bai taɓa sayar da ko abu ɗaya ba. Hannun tukunya ya karye, marufin injin markaɗe ya ɓata, kan famfon masallaci ya lalace, duk wurinsa ake kaiwa. Tandar da nake suya da ita ma shi ya zuba mini, bayan ta ƙasa ta fashe mini ana jibi Sallah.

Dada kuwa shekarun baya hawan jini ya kayar da ita, ɓarin hagu ya shanye, harshe ya karye. Hausar da ta iya yawanci ta gudu, sai Fulatancin ƙuruciya ya rage, shi ma a tauna yake fita. Ko danginta idan sun zo gaisuwa kai kawai suke gyaɗawa. Bappa kaɗai ke jin ta. Za ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, shi kuma ya ce, "Wai gishirin ya yi yawa," ko "Tana tambayar jikin yaronki." Kowa a unguwa, har da ni, ya ɗauka ita ce za ta riga shi.

Da yamma ɗansu Abdulsalam ya zo daga Gwallameji. Shi ne na fari, shi kaɗai kuma ke cikin gari, ƙannensa mata suna aure a Gombe da Jos. Iyayen ba sa kama sunansa, "na Gwallameji" suke cewa. Ya sauko da sabon keke daga bayan mota, mai ƙyalli, ledarsa ma ba a cire ba. Muka ɗora Dada. Ko minti ba ta yi ba ta fara zamewa hagu, mataccen hannun ya faɗi yana lilo kusa da taya, ƙafar ta sulluɓe daga mataki. Muka tokare ta da filo, ta sake zamewa. Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ke da rai.

Sai a lokacin na lura da irin aikin da ke jikin tsohon keken. Madogarar hannu mai kwarmi wadda hannun ke kwanciya a ciki, matakin ƙafa mai baki, wani ɗan matokari daidai ƙugu, duk Bappa ne ya zuba su ɗaya bayan ɗaya, daidai jikinta. Abdulsalam ya ce a cire su a mayar kan sabon. Bappa ya nuna masa cewa kaurin bututun ba ɗaya ba ne. Abdulsalam ya ce to a kai wa mai walda. Bappa ya ce ƙarfen ya riga ya gaji, ko an liƙa zai sake kayar da ita. Sabuwar gwafa zai zuba.

Abdulsalam kuwa ƙafafun mahaifinsa yake kallo. Sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse a cikin nama.

Washegari ya kai shi asibiti, kusan da ƙarfi. Suka dawo bayan azahar da ledar magunguna. Likita ya ce zuciya ce, ta kumbura, ruwa ya fara taruwa a ƙirji. Babu ɗaukar nauyi, babu shaƙar hayaƙi, kuma gado ya kamata a ba shi a ranar. Bappa ya ce ya ji, amma ba zai kwanta ba sai ya ga Dada a kan kekenta. Kafin Abdulsalam ya tafi ya zagaya baya ya sa wa ɗakin langa-langa sabon kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Bappa na zaune a kan tabarma yana kallo. Tsakanin uba da ɗan fari a wurinsu akwai kunya mai yawa, don haka ko uffan bai ce ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Dada ta saba da hantsi a fito da ita gindin gwaibar tsakar gida, ta ga kaji, ta ji hayaniyar layi. Yanzu sai rufin ɗaki. Ta juya fuska bango, kunu ma sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu. Bappa ya tari maigidana Ja'afaru a hanyar masallaci, ya roƙe shi ya bar ni in riƙa shigowa in zauna da ita idan na tashi daga suya. Ja'afaru ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Ina zaune bakin gadonta, shi kuma yana bakin ƙofa da wuƙa da guntun katako, yana sassaƙa siffar gwafar da zai danna a yashi. Wannan aikin dai ba ya bukatar wuta, kwaɗo bai hana shi ba. Da farko idan Dada ta yi magana yakan fassara mini. Daga baya sai ya daina. Ta yi sautinta, in waiwaya in dube shi, ya ce in sake saurara. In kawo ruwa, ta kawar da kai. In kawo zani, ta harare ni. Shi kuwa yana ta fiƙar katakonsa kamar ba ya wurin. Wata rana raina ya ɓaci na ce masa, Bappa, kana ji fa, ka bar baiwar Allah tana wahala.

"Bakin kike kallo," ya ce. "Bakin ya daɗe da cin amanarta. Dubi idon, ki dubi hannun mai lafiya."

A hankali na fara kamawa. Idan ta ce wani abu mai kama da "iyam", ruwa take so, don da yarensu ndiyam ake cewa. Idan ta shafi kunne, rediyo. Idan ta murza bakin zani tsakanin yatsu tana kallon ƙofa, lokacin salla take tambaya. Idan ta runtse ido ta ciji leɓe, kwanciyar ta ishe ta, a juya ta. Ranar da na fara gane ta ba tare da na waiwaya ba, ta kama yatsana ta matse.

Da na fito zan tafi na tarar da shi a zaure, ya zauna a kan dakali yana hutawa, don daga ɗaki zuwa zauren ma ya zame masa tafiya. Na tambaye shi gaskiyar abin da likita ya ce.

"Yaron rabi aka faɗa masa. Ni na tambaya, aka faɗa mini duka." Ya goge wuƙar a gefen rigarsa. "Ba tafiyar ce ke damuna ba, Sauda, kowa zai yi ta. Ina tunanin ranar da za ta ce ƙishi take ji, a kawo mata bargo."

Na koma gida na zauna gaban ƙullun gobe, na kasa ko dama shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Abdulsalam ya biyo, na tare shi a ƙofar gidanmu kafin ya shiga. Na gaya masa mahaifiyarsa ta daina cin abinci, mahaifinsa kuma ba zai je asibiti ba muddin keken na jingine a bango. Na ce na ga Bappa jiya tsaye gaban kwaɗon nan da guduma a hannu, ya daɗe, sannan ya mayar da ita. Abdulsalam ya jingina da motarsa ya ce shi tun yana yaro ya tsani ɗakin nan. A makaranta ɗan maƙeri ake ce masa, kayan makarantarsa kullum warin gawayi suke yi. Ya ce yanzu kuma hayaƙin ne zai kashe masa uba, yana ji yana gani. Na ce masa zaman jiran ma ba magani yake yi masa ba. Ya shiga ya gaishe su ya tafi.

Da safiyar Asabar sai ga shi da tsohuwar riga mai gajeren hannu da takalmin roba. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya ajiye makullin a gefen tabarma, idonsa a ƙasa.

"Bappa, ni zan yi. Kai dai ka zauna daga waje ka riƙa faɗa mini. Amma in an gama, asibiti."

"In an gama, asibiti," in ji Bappa.

Aka sa masa kujera a inuwa, ta inda iska ke kore hayaƙi. Ni kuma na buɗe tagar Dada na tokare ta da filo yadda za ta riƙa hango su. Abdulsalam ya tankaɗe yashin da rariya, yashin rafi ne da aka cakuɗa da ƙasar suri. Bappa ya ce ya damƙi cikin hannu ya matse, in ya riƙe siffar yatsu kuma ya karye tsaf ba tare da ya ruguje ba, to ya yi. Abdulsalam ya kwantar da gwafar katakon a cikin wani akwati marar gindi, ya barbaɗa toka, ya zuba yashi yana kirɓawa da guntun taɓarya. Suka kife akwatin, suka ɗora na biyu a kai, aka tsayar da ɗan bututu inda dalma za ta bi ta shiga, aka sake cikawa. Wurin zare katakon ne aikin ya yi wuya. Abdulsalam na zarewa, gefen ramin ya rufta, aka sake daga farko. Ya sake ruftawa. Bappa bai ɗaga murya ba, ya ce ya ɗan ƙwanƙwasa katakon tukuna, kamar mai tashin jariri daga barci, sannan ya ɗaga a miƙe.

Murhun tsohon bokiti ne da aka shafe cikinsa da laka, iska kuma daga wata fanka take zuwa wadda ake juyawa da garen keke. Abdulsalam ya yi ta juyi har gumi ya jiƙa masa riga. Tsofaffin fistin na injin mota, 'yan dalma, da ke cikin kaskon ƙarfe suka fara laushi, suka zube, suka koma ruwa mai sheƙi. Ya kwashe dattin saman da dogon cokali, ya kama kaskon da awartaki, ya zuba. Sai muka ji yashin na tsuwa, tururi na fita ta gefen akwatin. Bappa ya girgiza kai tun kafin a buɗe. Damina ce, an kwana ana ruwa, yashin ya sha danshi fiye da kima.

Da ya huce aka fasa, gwafar ta fito duk huji-huji. Abdulsalam ya tsaya riƙe da ita, fuskarsa ta toka da gumi, kamar zai yi kuka. Bappa ya karɓa ya duba.

"Ai wannan ta Sauda ce," ya ce. "Masa ka soya mana, har da idanunta."

Abdulsalam ya fashe da dariya, Bappa ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Ban taɓa ganin su biyun suna dariya tare ba. Daga taga na ji Dada na wani sauti, na leƙa, ashe ita ma dariyar take yi da rabin bakinta. Ranar ta shanye kofin kunu.

Aka baza yashin a rana ya sha iska. Washegari suka sake, wannan karon Abdulsalam bai jira a faɗa masa komai da komai ba. Dalmar ta shiga shiru, ta cika ramin har ta leƙo ta sama. Gwafar ta fito sumul, sai ɗan gemu a gefe inda akwatunan suka haɗu. Wannan Bappa ya ce shi zai goge, magagari ba nauyi ba ne. Ya ɗora ta a gwiwa yana gogawa, yana hutawa, yana gogawa. Abdulsalam ya huda ramukan, ya ɗaura tayar, ya hau keken da kansa ya zagaya tsakar gida don a ga ko za ta ɗauki nauyi.

Bayan la'asar muka ɗora Dada. Hannun ya kwanta a kwarminsa, ƙafar ta zauna a matakinta. Abdulsalam ya kama zai tura, Bappa ya ce a bar masa wannan. Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin gwaiba ba nisa, amma sai da ya tsaya a hanya ya dafa keken yana numfashi. Da suka isa ya zauna a kan turmi kusa da ita. Dada ta dubi kajinta, ta dubi sama, sannan ta juyo ta yi masa wata doguwar magana. Na kasa kunne, ban tsinci komai ba. Na jira ya fassara, bai fassara ba. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya amsa mata da yarensu a hankali. Ni da Abdulsalam muka ba su wuri.

Bappa ya cika alkawari. Da safe ya yi wanka ya sa farar riga, ya tsaya gaban keken ya gyara mata ɗankwali, ya ce mata sai ya dawo. Ta bi shi da ido har ya shige zaure.

Na je duba shi sau ɗaya da kunun gyaɗa a fulas. An sa masa robar iska a hanci, ya rame, amma idonsa tar. Bai bari na tambayi jikinsa ba. Tayar tana girgiɗi? Ta ci abinci? An juya ta da rana? Na ce masa jiya ta ce mini miyar A'i, matar Abdulsalam, ba ta ji daddawa ba, kuma na gane tun a karon farko. Ya rufe ido ya ce alhamdulillahi. Da zan tafi ya ce in gaya wa na Gwallameji ya rufe yashin nan da buhu, kada kaji su baza shi.

Ranar Alhamis da hantsi ina kankare tanda Ja'afaru ya shigo, ya tsaya a kaina. Da na ɗaga kai na ga fuskarsa na gane. Ya ce yanzu Abdulsalam ya kira, suna hanya da gawar, kuma ya roƙa in je in faɗa wa Dada kafin mutane su cika gidan.

Na same ta a gado, A'i ta gama yi mata wanka ta fita shanya. Tana ganina ta shafi kunne. Ban kunna rediyon ba. Na zauna na kama hannunta. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta zare hannunta daga nawa ta ɗora a kaina, kamar ni aka yi wa mutuwar.

Kafin azahar gida ya cika. Babayo ya zo da mutanen Inkil, mata suka cika ɗakin Dada har ba wurin taka ƙafa. Aka yi wa Bappa wanka a ɗakinsa, aka sa shi a likkafani. Ina tsakar gida ina zuba wa baƙi ruwa na jiyo muryar Dada ta tashi, tana maimaita abu ɗaya, tana dukan katifa. Matan na ta ba ta haƙuri da Hausa da Fulatanci. Wata ta kawo ruwa, ta ture kofin ya zube. Wata ta ce a riƙe ta, zafin rabuwa ne. A waje kuma na ji ana cewa a fito da makara.

Na kutsa na shiga. Idonta ba ya kan kowa, yana kan lungun bayan ƙofa, hannunta kuma ba dukan katifa yake yi ba, turawa yake yi gaba. An naɗe keken an jingine a can don a sami wurin zama.

"Kekenta take so," na ce. "A dakata da makarar. Wurinsa za ta."

Wata dattijuwa ta ce ba a saba ba, kuma jikinta ba zai ɗauka ba. Na aika a kira Abdulsalam. Ya shigo idanunsa jawur, ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuya ya ɗauke ta da kansa ya ɗora. Mata suka dare, maza da ke bakin ƙofa suka juya baya suka ba da hanya. Na tura ta har gaban tabarmar da aka shimfiɗe shi. Abdulsalam ya kwance ƙullin kai ya buɗe fuskar. Ta miƙa hannu ba ta kai ba, sai da muka ɗan karkato da ita. Ta shafi goshinsa, ta shafi gemun. Sannan ta yi magana, da Hausa, kuma duk wanda ke ɗakin ya ji.

"Na yafe. Allah ya jiƙa."

Babayo da ke tsaye a bakin ƙofa ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Aka mayar da ƙullin, aka ɗauke shi.

A gidan ta yi takaba. A'i ta dawo da zama wurinta, Abdulsalam yana biyowa kullum daga ofis, ni kuma ina shiga da hantsi da kuma bayan la'asar. A'i tana da saurin kamawa, ba a jima ba ta fara gane ruwa da rediyo da juyi ba sai an kira ni ba.

Wata yamma hadari ya haɗu, na turo ta ƙarƙashin baranda don kada ruwa ya same ta. Muna zaune ta faɗi wata kalma da ban taɓa ji ba. Na dubi idon, yana kaina. Na dubi hannun, yana kwance a cinyarta. Ta sake faɗa. Na kawo ruwa, na kawo mayafi, na nuna ɗaki, na nuna carbi. A'i ta fito daga kicin ta gwada nata. Muka kira Abdulsalam a waya muka kara mata a baki, ya saurara, ya ce a sake, daga ƙarshe ya ce bai sani ba. Dada ta faɗi kalmar sau ɗaya kuma, a hankali, ba don mu ba. Daga nan ta bari.

Ta jawo bakin zanina har na zauna a ƙasa kusa da tayar. Ruwan ya sauko, A'i ta ruga kwashe shanya. Dada ta miƙa hannunta waje da baranda, tafin a buɗe, ta bar shi a nan ruwan indararo yana cika shi yana zuba.